FARETIN 1 GA OKTOBA: BIKIN WA AKE YI?

 

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai albarka in faɗi albarkacin bakina a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato faretin da ake yi ranar 1 ga Oktoba da sunan tunawa da samun 'yancin kai, da irin wulaƙancin da talaka ke sha wajen neman katin shiga kallonsa. Ni ba malami ba ne, ba kuma fatawa na zo bayarwa ba. Ɗan agaji ne ni, aikina tsaron ƙofa da gyara sahu da ɗaukar wanda ya faɗi a wajen wa'azi. Sai dai mai tsaron ƙofa yakan ga abin da na cikin rumfa ba ya gani.

A unguwarmu akwai wani dattijo tsohon soja, duk muna ce masa Baba. Yana cikin waɗanda aka kai Laberiya ƙarƙashin rundunar ECOMOG a 1990, daga can aka wuce da shi Saliyo, ya dawo gida yana jan ƙafa. Babban ɗansa ya gaje shi a kaki, aka tura shi Arewa maso Gabas. Ko gawarsa Baba bai gani ba, saƙo kawai aka aiko masa. Marigayin ya bar yaro guda, shi ne ke hannun Baba. A 2021 sai aka zaɓi yaron nan cikin waɗanda za su yi wa makarantarsu maci a filin wasa na babban birnin jiharmu. Sati 3 suna gwaji, Baba ya ci bashi ya saya masa farin kambas da farar safa. Saura kwana 4 ya kira ni ya ce, "Ɗana, ka fi ni ƙafa, ka fi ni boko. An ce ba a shiga rumfa sai da kati, ni kuwa ba na iya tsayuwar rana. Ka nemo mini, in ga maraya ya yi abin da ubansa ya yi." Na ce, "To Baba, in sha Allahu."

Kwana 3 na yi ina zarya daga wannan ofishi zuwa wancan. A nan a ce Oga ya fita, a can a ce katunan suna hannun kwamiti, kwamitin kuwa ba wanda ya san ɗakinsa. Wani akawu da na miƙa wa takardar sallamar Baba daga aikin soja ko buɗe ta bai yi ba, ya ce mini, "Malam, wannan ba ta aiki a nan. Wa ya aiko ka?" Wato tambayar ba ita ce me mutum ya yi wa ƙasa ba, wa ya sani. Ranar bikin, wadda ta faɗo Juma'a, muka je bakin ƙofa hannu rabbana. Sai ga wani matashi ya matso yana raɗa mini cewa akwai kati. Katin nan da aka ce ya ƙare, wanda aka buga a jikinsa cewa ba na sayarwa ba ne, shi ne cike da aljihunsa, naira 2,000 kowanne. Na dubi ƙafar Baba, na dubi rana, na saya. Ina neman gafarar Allah a kan wannan, domin na san da kuɗina na taimaka wa ɓarna.

Da muka shiga sai muka tarar ashe katin ma hawa-hawa ne. Namu na gefen da ba rufi ne. Rumfar inuwa kuwa matan manya da 'ya'yansu da 'yan koren 'yan siyasa sun cika ta, ana zaga su da lemo mai sanyi. Yara 'yan makaranta an jera su a tsakiyar fili tun ƙarfe 7 na safe, babban baƙo bai iso ba sai wajen 11. Kafin nan da hannuna na taya ɗaukar yara mata 2 da suka yanke jiki suka faɗi, ba ruwan da za a yayyafa masu sai wanda muka saya a leda. Da badujala ta tashi, Baba ya miƙe a kan ƙafarsa mai ciwo ya ƙame, hawaye na bin gemunsa. Ba wanda ya san da shi a filin nan sai Allah. Jikansa ya wuce ta gabanmu cikin minti 1 ko ƙasa da haka. Da aka tashi sai aka rufe ƙofar talakawa har sai motocin manya sun gama fita. Mun sami raka'a ta 2 ta Juma'a da ƙyar, huɗuba kam ba mu ji ko kalma ɗaya ba.

Hausawa na cewa bikin farar kaza, balbela ba gayya. In da gaske bikin nan na 'yan ƙasa ne, to mutumin da ya bar lafiyar ƙafarsa a Laberiya, ya kuma ba da ɗansa, ai ba shi ne zai nemi kati ba, shi ya kamata a je gida a ɗauko. Tun ranar nake tambayar kaina: bikin wa ake yi?

Ya kai mai karatu, in kana son amsa sai ka waiwayi tushen abin. Rundunar sojan ƙasar nan da kanta tana ƙirga shekarunta ne daga 1863, lokacin da wani Bature, Laftanar John Glover, ya tara mutum 18 a Legas, waɗanda aka riƙa kira Hausawan Glover. A 1897 aka ɗora wa Lugga aikin kafa rundunar da ake kira West African Frontier Force. Da wannan runduna, hafsoshi Turawa, kurata baƙar fata, aka ci Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, aka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, aka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi, inda ya yi shahada ranar 27 ga Yuli tare da ɗimbin jama'arsa. Da ita aka shafe Satiru a 1906. Bayan an gama cin ƙasa sai aka koma nuna ta. Aka tara sarakuna da dawakinsu a Kano a 1925 don Yariman Ingila ya yi kallo, aka sake tara su a Kaduna a 1956 don Sarauniya. Tsarin wurin a kullum iri ɗaya ne: Bature a inuwa, masu sarauta a gefensa gwargwadon darajar da shi ya ba su, talaka a bayan igiya, ɗan doka na gabansa da kulki.

Daren 1 ga Oktoban 1960 a Filin Sukuwa na Legas aka sauke tutar Ingila aka ɗaga kore da fari, Gimbiya Alexandra na wakiltar Sarauniya. Tuta ta sauya, amma rumfa da igiya da kulki suna nan inda Bature ya bar su, mazauna kujerun ne kawai suka sauya launi. Kai, har zuwa 1965 Bature ne ke shugabantar rundunar sojan ƙasar da aka ce ta sami 'yanci. Shekara guda bayan tafiyarsa, ranar 15 ga Janairun 1966, aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello, masu kaki suka hau kujera. In ka haɗa lissafi daga 1966 zuwa 1999, kusan shekara 29 suka yi a kai, su ne masu fareti, su ne kuma masu karɓar gaisuwa.

Wani zai ce, "Haba ɗan'uwa, ai kati don tsaro ake yin sa, ka manta abin da ya faru a Abuja?" Ban manta ba. Ranar Juma'a 1 ga Oktoban 2010, ana tsakiyar bikin cika shekara 50, motoci 2 ɗauke da bom suka tashi kusa da dandalin Eagle Square, mutum akalla 12 suka rasa rayukansu. Ƙungiyar MEND ta yankin Neja Delta ta ɗauki alhaki, kuma a 2013 wata kotu a Afirka ta Kudu ta ɗaure Henry Okah shekara 24 a kan wannan. Ta'asa ce da babu mai imanin da zai goyi bayanta. Amma a tambaya, su wa suka mutu? Mutanen da ke kan titi ne, a wajen dandali, tare da ƙananan jami'an tsaron da suka ruga kai ɗauki. Na cikin rumfa ko ƙwarzane bai same su ba, biki ma bai tsaya ba. Maganin da aka samo kuma shi ne, aka kwashe bikin aka mai da shi cikin fadar shugaban ƙasa, aka yi shekaru ana yin sa a can, talaka sai dai ya gani a talabijin in an kawo wuta. To in tsaro ne dalili, tsaron wa? Kuma wane tsaro ne a cikin katin da kowane mai naira 2,000 zai saya a bakin ƙofa ba tare da an tambaye shi ko sunansa ba? Bincike a ƙofa shi ne tsaro, kuma ana iya yi wa kowa. Kati mai hawa-hawa aikinsa ware mutane.

Wani kuma zai ce fareti na sa 'yan ƙasa su ji suna da ƙarfi, maƙiya su ji tsoro. To madalla. Amma mu duba shekarar da muka je kallon nan. A watan Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A ƙarshen Mayu aka kwashe yara fiye da 100 daga wata Islamiyya a Tegina, irin wadda ni da kai muka yi, suka shafe kusan wata 3 a daji. A watan Agusta 'yan bindiga suka shiga har cikin makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna. A ranar da muke zaune muna kallon bindigogi na walƙiya, yawancin mutanen Zamfara ko waya ba su iya bugawa, an datse layuka, an rufe kasuwannin mako. Manomin da ke biyan ɓarayin daji haraji kafin ya girbe gonarsa, me faretin birni ya ƙara masa? Makamin da ake gani ranar biki amma ba a ganinsa ranar da aka shigo ƙauye, ai ado ne.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne ranar da makamin ya zo ƙauye amma ya faɗa kan mai shi. Ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin yaƙi ya saki bom a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a jihar Barno, mutum fiye da 100 suka mutu, har da 'yan agaji na Red Cross. Daren 3 ga Disamban 2023 jirgi marar matuƙi ya faɗa wa masu Mauludi a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi, hukuma da bakinta ta ƙirga gawa 85. An ce kuskure ne, an nemi afuwa. To ko an taɓa tsayar da badujala na minti 1 a wajen fareti don tunawa da waɗannan bayin Allah? Ko an taɓa ware wa marayunsu kujera a inuwa?

Kada wani ya ɗauka ƙaramin soja nake zargi. Wallahi a'a. Kurtun nan da ke dukan ƙasa da ƙafa ɗan talaka ne, ƙanena ne ko ƙanenka, rashin aiki ko kishin ƙasa ya kai shi. Shi ke kwana a rami, shi ake binnewa, matarsa ce ake ba wa wa'adin tashi daga bariki, shi ne in ya tsufa zai yi ta bin layin fansho. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mutuncinsa nake nema masa, domin na ga yadda aka yi da Baba.

Ba kuma cewa nake kallon fareti haramun ne ba, wannan fagen malamai ne. Abin da muka karanta a Islamiyya shi ne, mutanen Habasha sun yi wasa da masu a cikin masallacin Manzon Allah (SAW) ranar Idi, bai hana ba, har ya tsaya Nana A'isha (RA) ta yi kallo ta bayansa. Ba a raba kati ba, ba a kafa rumfar manya ba. Nuna ƙarfi ma yana da asali. A shekara ta 8 bayan Hijira, ranar buɗe Makka, Manzon Allah (SAW) ya umarci Abbas (RA) ya tsayar da Abu Sufyan a wata matsattsar hanya don ya ga rundunar mutum 10,000 tana wucewa ƙabila bayan ƙabila. Amma dubi manufar: don mutanen Makka su sallama ba tare da an zubar da jini ba. Da Sa'adu ɗan Ubada (RA) ya furta maganar barazana yana wucewa, sai aka karɓe tuta daga hannunsa. Shugaban rundunar kuma, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiga garin ne kansa a sunkuye bisa raƙumarsa don ƙanƙan da kai ga Ubangijinsa, sannan ya yi wa waɗanda suka kore shi afuwa. A wancan faretin, maƙiyi aka tsayar ya yi kallo, raunana suka sami aminci. A namu, raunana ake tsayarwa a rana.

Haka batun yara. Kafin yaƙin Uhudu Manzon Allah (SAW) ya duba sahu da kansa, ya mai da ƙananan yara gida, cikinsu har da Abdullahi ɗan Umar (RA) mai shekara 14. A halin yaƙi ke nan an tausaya wa yaro. Mu kuwa lokacin biki muke shanya 'yar shekara 10 awa 4 a rana, cikinta ba komai, don jiran mutum ɗaya da bai ga damar fitowa da wuri ba. Wane darasi yarinyar nan ta koma gida da shi game da ƙasarta?

Ko a ƙasashen da ba su san wannan tarihi namu ba, an fi mu adalci a kan wannan ƙaramin abu. A Indiya ana sayar wa kowa tikitin faretin 26 ga Janairu a fili, a 2025 mafi arha rufi 20 ne. A Singafo, faretin 9 ga Agusta kyauta ne, ƙuri'a ake jefawa tsakanin masu nema, wanda ya dace ya samu. A Faransa ranar 14 ga Yuli manya na da rumfarsu, amma duk wanda ya yi sammako zai tsaya a bakin titi ya yi kallo ba da ko sisi ba. Ba ina yaba tsarinsu ba ne, Faransa dai mun san abin da sojanta suka yi a Aljeriya. Ina nuna cewa ne ko wanda bai yi imani da hisabi ba ya gane cewa bikin da aka yi da kuɗin jama'a, jama'a na da haƙƙi a cikinsa. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa tun zamanin Seyni Kunce suka mai da 3 ga Agusta ranar dasa itatuwa. Itacen da aka dasa a Maraɗi ko Damagaram shekara 40 da suka wuce, yau wani na shan inuwarsa ba tare da kati ba.

A 2025 gwamnatin tarayya ta soke faretin cika shekara 65, kwanaki kaɗan kafin ranar. Rana ta fito ta faɗi, ba abin da ya ragu a jikin kowa. In an yi haka ne don tausayin halin da jama'a ke ciki, to ya yi kyau, kuma yana da madogara, domin Sayyidina Umar (RA) ya haramta wa kansa nama da man shanu a shekarar fari har sai da jama'a suka sami sauƙi. Amma cikar abin shi ne a fito a gaya wa mutane nawa aka ware, kuma ina aka kai shi.

Yanzu bari in juyo gida, domin laifi tudu ne. 'Yan'uwa, mu ma fa muna fareti. Muna da kaki, muna da maci, kuma ina cikin masu jin daɗinsa. Amma a 'yan shekarun nan na ga wani abu yana shigo mana a hankali. A wasu tarukanmu an fara buga katin manyan baƙi, an fara jera kujeru masu laushi a gaba don Alhazai da 'yan siyasa, an fara jinkirta buɗe taro don jiran wane. Ni da kaina an taɓa sa ni in tayar da wani tsoho daga inuwa don mai kati ya iso, kuma na tayar da shi. Fuskarsa ce ta dawo mini ranar da na ga Baba a rana. In muka ɗauko rumfar Lugga muka kafa ta a filin wa'azi, da wane baki za mu yi wa wasu nasiha? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai tara jama'a a Ɗagel da kujerun alfarma ba. A masallacin da muka fito yanzun nan, wanda ya riga zuwa shi ke sahun gaba, ko da ɗan dako ne, kuma kafaɗarsa na gugar ta attajiri. Wannan shi ne tsarinmu, kada mu musanya shi da na wasu.

Saboda haka ga 'yar shawarata. Ga masu shirya bikin ƙasa: in dole sai an yi, a buɗe ƙofa ga kowa bayan bincike, a fara cika inuwa da tsofaffin sojoji da zawarawan waɗanda suka mutu a fagen fama da marayunsu, a fara a kan lokaci ko babban baƙo ya zo ko bai zo ba, in kuma ranar ta faɗo Juma'a a sallami mutane tun da hantsi. Ga iyaye da malaman makaranta: kada ku saki yaro sai kun tabbatar zai karya kumallo, akwai ruwa, akwai inda zai zauna. Ga 'yan'uwana matasa: kada wanda ya sake yin kuskuren da na yi. Kada ka ba ɗan kamasho kuɗinka, kada ka durƙusa a ofishin kowa don takardar kallo, mutuncin mumini ya fi ƙarfin haka. In kana son girmama wanda ya yi wa ƙasa aiki, akwai irin Baba a kowace unguwa. Ka je ka gaishe shi, ka raka shi layin fansho, ka biya wa jikansa kuɗin makaranta. Ga shugabanninmu na agaji: a tattauna batun kati da kujerun gaba a zama na gaba, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Da muna komawa gida ranar nan na ce wa Baba ya yafe mini, ban samo masa inuwa ba. Ya yi shiru har muka kusa kwanar gida, sannan ya ce, "Ba komai ɗana, na ga yaron. Allah Ya sa mu dace da inuwar da ba a sayar da katinta." Na ce amin, kuma har yau ina cewa amin.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kawo mana ƙarshen zalunci da zubar da jini, Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa.